Ginshiƙan Motar Kalla

Ku da kuke zama a bakin shagona kuna shan shayi, kuna cewa aikin kafinta ai buga ƙusa ne kawai, ku matso ku ji. Motar da kuka sani tana zuwa ne da rigarta da hularta, a miƙa wa mutum makulli ya shiga ya ja ƙofa. A zamaninmu tsirara take zuwa. Inji ne da ƙafafu da sitiyari, sai dogon ƙashin baya na ƙarfe, shi ke nan. Direba zai ɗora akwatin kananzir ya zauna a kai, ya naɗe fuska da rawani, ya taho da ita tun daga Kano har nan Zangon Damagaram, ya sauko jajir kamar an tono shi daga rami. Duk sauran aikinmu ne: kabin, wato ɗakin direba, da kujera, da ƙofofi, da bodin da za a loda gyaɗa. Mu ne teloli, mota ce mai ɗinki.

A wurin Malam Ari na koyi aikin, wani Babarbare mai ƙaramar murya da babban hannu. Shekarata ta farko ban taɓa katako ba sai don in ɗauka in ajiye. Ni ne wasa haƙoran zarto, ni ne miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, kuma duk ƙusar da ta sake lanƙwasa a hannun Malam, kunnena ne zai ji bayani. Kayan aikinmu ba su da yawa: zarto, gizago, guduma, rabo na goge katako, da mahujin hannu wanda sai ka danna shi da ƙirji kana juyawa har numfashinka ya ƙare. Maɗaci muke sa wa a ƙofa, ƙirya kuma a duk inda zai sha wuya, ita kuwa ƙirya cin bakin zarto take yi ba ta ko godiya. Amma babban kayan aikin shagon yana da ƙafa huɗu, yana kuma cin dusa.

Akuya ce, ja, muna kiranta Ƴar Awo. In za a yi wa mota kabin, Malam Ari ba ya fara yanka komai sai ya zaunar da direban da zai tuƙa ta a kan ƙarfen, ya kafa masa karare a inda ginshiƙai za su tsaya, ya rataya tabarmi a inda katako zai rufe. Sai a jawo Ƴar Awo a zagaya da ita. Direba yana kallo yana cewa, "Ina ganinta, ina ganinta, ta ɓace!" Inda ta ɓace, nan za a saukar da taga ko a ɗaga kujera ko a matsar da ginshiƙi. Dalilin Malam shi ne, tsayin akuya tsayin yaron da ya fara gudu ne, wanda ya ga akuya zai ga ɗan mutane. Saboda haka kowace mota a kan idon direbanta aka yanka ta, kamar yadda ake yanka riga a kan kafaɗar mai ita. Akuyar ta saba har ta kai in ta ji ƙarar sabuwar mota, da kanta take zuwa ta tsaya a gaba tana tuƙa.

Aikin da na fara riƙewa da kaina, bayan na zama babban hannun shago, shi ne motar Hajiya Falmata. Mace ce mai cinikin goro da fatu, ba ta dariya sai ta ga dalili, kuma wannan ce motarta ta farko. Direbanta shi ne Kalla. Allah ya yi gajerun mutane a Damagaram, amma da ya zo kan Kalla sai ya nuna iko. In yana tsaye a bayan buhu biyu sai ka yi cigiya. Ranar awonsa unguwa ta taru. Na ɗaga kujera, ya ce akuya ta ɓace. Na ƙara, ya ce ya ga ƙaho. Na ƙara, ya ga akuya sarai, amma ƙafafunsa suna lilo a sama ba su kai birki ba. Sai da na ɗaura wa birki da totur da kuloci guntayen katako. Na saukar masa da tagogi har kusan gwiwa, na yi masa ginshiƙai sirara kamar sandar makiyayi, na buɗe masa taga a baya. Da ya hau ya duba gabas da yamma sai ya ce, "Kai, Isufu! Yau na san yadda raƙumi yake ganin duniya."

Ya yi shekaru yana kai gyaɗa Kano ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ba ya bari ka manta. Ku tuna motar daga ƙasar Ingilishi ta fito, sitiyarinta a dama yake, don can hagu suke bi. Mu nan dama muke bi, wato direba yana zaune ne ta gefen daji, tsakiyar hanya tana can nesa da shi. In an kai iyaka sai a sauya hannu. Duk wannan bai dami Kalla ba, tunda kabin ɗinsa kusan duk taga ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya yi yawa, hanya ta zama kunu, motoci suka yi ta kifewa. A cikinsu har da ta Habu, wani ɗan Tirmini mai yawan waƙa. Motarsa ta sulale a gangare ta kwanta, buhunan gyaɗa suka fasa tagar baya suka shigo, siraran ginshiƙan suka karye, rufin ya sauko masa. Malam Ari ne ya yi kabin ɗin da hannunsa, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa Habu wanka. Ya dawo shago ya zauna a kan benci bai taɓa ko zarto ba har la'asar. Ranar na ji tsoron sana'ata, ban taɓa jin irinsa ba.

Ba a daɗe ba doka ta sauko daga Yamai, ta zo da wani Bature mai duba motoci. Muka sa masa Mushe Mitir, wato Malam Mita a bakin Faransa, don abin awonsa yana rataye a wuyansa kullum kamar carbi. Kada ku ɗauka sakarai ne. Da farin wandonsa yake kwanciya a ƙarƙashin mota ya fito baƙi ƙirin, kuma ya ga motar Habu da idonsa. Dokar ta ce ginshiƙan kabin su yi kauri, a ɗaure su da ƙarfe. Bayan direba a rufe shi ruf da katako mai kauri, ba taga, don kada kaya su shigo. Rufi ya iya ɗaukar nauyin mota in ta kife. Madubi kuma a kafa shi a hagu, domin wanda ya rubuta dokar motocin Faransa ya sani, masu sitiyari a hagu. Motar da ba ta ci bizit ba, wato wannan duba, ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya. Ya ba mu zanen a takarda muka manna a bango, kafin azahar Ƴar Awo ta cinye rabinsa. Malam Ari ya ce a ƙyale ta, ita ma ma'aikaciya ce, tana da haƙƙin ta san abin da aka rubuta.

Kafin kakar gyaɗa muka yi aiki kamar mahaukata, kowa yana so a sake masa kabin. Muna murna kasuwa ta buɗe, ashe bankwana take yi mana. Da attajirai suka ga wahalar, sai suka koma sayen motoci masu kabin ƙarfe tun daga can inda ake ƙera su. Shaguna suka yi ta rufewa. Mu da muke yi wa mota sutura muka koma ƙofar ɗaki da akwatin amare, har da kujerar tsakar gida.

Sabon kabin ɗin Kalla ni na yi shi, da ƙirya zalla, kuma ko yau ina alfahari da shi. Giwa ta zauna a kai ba abin da zai same shi. Muka ɗora Kalla, muka jawo akuya. Tana zuwa kusurwar hagu ya ce ta ɓace. Muka matsa da ita, ya ce har yanzu. Wani mai ruwa yana wucewa da jakinsa, muka roƙe shi ya tsaya a wurin. Jaki da tulunansa da mai jakin duk suka shige bayan ginshiƙi ɗaya. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, ban da Kalla. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, wannan ai rumbu ka gina mini." Malam Ari ya ce, "Gara rumbu da kushewa." Mushe Mitir ya zo ya auna, ya buga ginshiƙin da tafin hannu, ya yaba, ya ba da takarda. Madubin kuwa yana can hagu yana nuna wa Kalla sararin sama.

Cikin wata guda mutumin da bai taɓa taka kaza ba ya kwashe rumfar mai tuwo a tasha, da baya. Allah ya taimaka matar tana cikin gida, tukunya kawai ta yi shahada. Bayan nan ya bi ta kan keken wani jandarma da aka jingine a bakin hanya, ya mayar da shi kamar faifai. Gari ya ɗauka. Masu shayi suka ce tsufa ne, ido ya tafi. Hajiya Falmata ta kira shi zaure, ina wurin don na je gyara mata ƙofa. Ta ce, "Kalla, ba na son magana biyu. Rumfa na biya, keke na biya. In ka sake taɓa ko tsinke, makulli na Mutari ne." Mutari ɗan ƙanenta ne, dogo, sabon farmi, wato lasin tuƙi, a aljihu, kullum yana gyara hula a madubin motar. Kalla ya ce, "Na ji, Hajiya." Mutum ne mai iyali, ga shekaru sun ja, kuma duk Zinder ba motar da ƙafarsa take kaiwa birkinta sai wannan. In ya sauka daga ita, ya sauka daga tuƙi ke nan har abada.

Washegari da hantsi ya zo shago ya tsuguna gaban Malam Ari, ya ce a rage masa kaurin ginshiƙan ta ciki, a shafa fenti, Bature ba zai gane ba. Malam ya ce, "Bature ba zai gane ba, ni zan gane. Na yi wa ɗaya wanka, ba zan yi wa na biyu ba." Kalla ya ce, "To in na taka ɗan wani fa, wa zai yi masa wankan?" Kowannensu yana da gaskiya, kuma gaskiyar ɗaya ba ta kashe ta ɗayan ba. Abin da na iya yi shi ne na bi inda doka ta yi shiru. Ba ta hana madubi na biyu ba, na kafa masa a dama. Ba ta ce komai a kan ƙofa ba, na huda ƴar taga a ƙasan ƙofar hagu. Matsalar ta ragu, amma ginshiƙan suna nan daram.

Sauran Kalla ne ya ƙirƙiro da kansa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tunda ginshiƙi ba ya motsi, shi sai ya motsa. Ya koma tuƙi yana lilo, ya leƙa ta wannan gefen ginshiƙin, ya leƙa ta wancan, ya miƙa wuya, ya sunkuya, ya sake. Yara suka sa masa Ƙadangaren Hajiya, suna bin motar suna gyaɗa kai. Direbobi suka yi masa dariya mako guda, mako na biyu duk suka kama. Ka tsaya a bakin hanyar Kano ka ga motoci a jere, kowane direba yana rangaji shi kaɗai a ɗakinsa. Ma'aikatan duwan, wato kwastan na iyaka, suka ce direbobin Damagaram sun shiga wata sabuwar ɗariƙa, ba sa barin wuridi ko a kan sitiyari. Da wannan lilon ya yi kaka biyu bai taɓa tsinke ba, Mutari yana zaune a gefensa yana hamma.

Sai ranar samun ƴancin kai. Ku ba ku ga wannan rana ba, ba kuma zan iya nuna muku ita da baki ba. Mutanen da ba sa gaisawa suka rungumi juna, tsofaffi suna rawa ba kiɗa, ni kaina na sa rigar Sallah na zuba turare kamar ango. Aka ce duk mai mota ya kawo ta a yi jerin gwano a cikin gari. Motar Hajiya ta je ƙauyen Zermu tun da safe ta kwaso manoma da makaɗansu, aka tsaya a bakin Zango ana jiran a shiga layi. Kalla ya sauka ya je ya yi alwala. Kafin ya dawo, jama'a sun yi wa motar ado.

Ina aka ɗaura adon? A jikin ginshiƙaina mana! Duk motar ba abin da ya kai su daɗin ɗauri. Aka kawo ganyen dabino dami-dami aka ɗaure a kowane ginshiƙi, aka soka tutoci a ciki, aka rataya wa madubin nan biyu kyallaye masu launin tuta, aka shimfiɗa wata babbar tuta a hancin motar, wata mata ma ta toshe ƴar tagar ƙofa da faifai mai ado. Har da hannuna a ɗaurin, don na fi kowa iya ƙulli. Motar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ta zama kamar lambu mai ƙafafu. Yara kuwa sun kewaye ta ta ko'ina, wasu har ƙarƙashinta suna tsintar guntayen kyalle.

Kalla ya dawo ya hau. Muka ga ya yi lilo dama, ya yi lilo hagu, ya miƙe tsaye a kan katakon birki, sannan ya zare makulli ya sauko. Ya ce sai an kwance. Wani ɗan jam'iyya mai jan baki ya ce, "A kwance tutar ƙasa yau? Kai ɗan ina ne?" Motocin gaba sun fara tafiya, na baya suna ta oda, makaɗan Zermu suna ihu daga sama. Hajiya ta ratso taro da sabon mayafinta, fuskarta a ɗaure. Ta ce, "Kalla, motar kowa tana tafiya, tawa ce za ta tsaya a gaban duk Damagaram?" Ya ce, "Hajiya, ba na gani." Ta ce, "Da ma an faɗa mini. Kawo makullin." Ya miƙa mata da hannu biyu, ta ba Mutari.

Mutari ya haye da tsalle ɗaya, gwiwoyinsa har ƙirji saboda guntayen katakon da ke kan birki da totur. Kalla bai yi gardama ba. Ya kori yaran da ke gaban motar, sannan ya je ya tsaya a kusurwar hagu, daf da ƙafar gaba, daidai inda motar za ta karya ta hau titi. Ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran liman. Na yi zaton fushi ne ya sa ya koma gefe, sai da inji ya tashi na gane inda yake tsaye. Daidai inda akuya da jaki suka ɓace ne. Mutari ya sa giya, ya leƙa gaba, ya leƙa gefe, ya ɗaga murya yana dariya, "Ina Baba Kalla? Ku ce ya zo ya hau baya, kada a bar shi a ƙasa!" Motar ta motsa, ƙarfen gaba ya taɓa rigar Kalla. Hajiya ta ƙwalla ƙara irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Kalla ya ɗaga hannu ya buga kafaɗar motar da ƙarfi, ya ce, "Ga ni nan, Mutari. Ni da gemuna ke nan. Yaran da na kora ko kafaɗata ba su kai ba."

Mutari ya taka birki har makaɗan suka zube a kan juna. Ya kashe inji ya sauko, ya zauna a ƙasa cikin sabbin kayansa. Ɗan jam'iyyar nan ya nemi hanya ya sulale. Ba wanda ya ce a kwance ado, amma sai ga hannuwa suna kwancewa, ni ne a gaba, ina tsinka ƙullin da na yi da haƙori. Aka mayar da tutocin can saman bodi inda manoma suka riƙe su.

Hajiya ta matso. Ta tattare zanenta, ta kama ƙofa, ta hau kabin ɗin da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta sayi motar. Ta zauna a kujerar Kalla. Yanzu ba ganye, ba tuta, ginshiƙan ne kawai da bangon baya, yadda yake tuƙa ta kullum. Ta duba gaba. Ta waiga baya ta ga katako. Ta duba hagu, aka ce mata akwai mai tallan goro a wurin da farantinsa, ta ce ba ta gan shi ba. Ta daɗe a zaune, jerin gwano ya yi nisa, kiɗa yana ta raguwa.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Kalla, haka kake tuƙa mini ita duk tsawon lokacin nan?"

Ya ce, "Haka, Hajiya."

"Kano da dawowa?"

"Kano da dawowa."

"Kuma rumfa kaɗai ka buge?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da keken jandarma, Hajiya."

Ta zare makullin, ta sauko a hankali, ta kama hannunsa ta sa masa a ciki ta dunƙule masa yatsu. Ta ce, "Hau ka kai mu. In ka ga dama mu isa gobe."